Ƙafa, Direba

Ranar da aka kawo babur ɗin ina bakin taga ina tsintar shinkafa. Tagar nan ta san ni fiye da yadda wasu danginmu suka san ni. Shekara talatin da ɗoriya mijina ya yi yana tuƙa bas a cikin gari, kuma kullum safiya ta nan nake kallon bayansa har ya sha kwana wajen rumfar mai gyaran takalma. Da za a jera mazan garin nan kaf su juya min baya, nan take zan nuna nawa. Fuskar ce sai na ɗan tsaya na duba.

Direba kowa ke ce masa, har 'ya'yansa in suna neman tsokana. Ni ma tun ina faɗa da wasa har sunan ya zauna a bakina.

Da ya yi ritaya na ce to madalla, yanzu kam zan ga fuskar nan in ƙoshi. Na gan ta kuwa, a murtuke. Yakan farka daidai lokacin fita aiki, ya sa takalmi, ya ɗaure igiya, sannan ya tuna ba inda za shi, sai ya zauna a bakin gado ya yi tagumi. Ya gyara duk abin da ya lalace a gidan, da suka ƙare ya koma kan masu lafiya. Rediyona bai yi wa kowa komai ba ya kwance shi, har yau ba ya kama tasha sai an jingina shi da bango. Saboda haka da ya fara zancen babur ban hana ba. Na ɗauka ɗan ƙarami zai saya, irin na zuwa cefane.

Abin da aka sauko da shi daga motar ɗaukar kaya ba na cefane ba ne. Dogo ne, baƙi wuluk, ya yi ƙasa-ƙasa, ƙartin da suka sauke shi har nishi suke. Kujerarsa faffaɗa ce kamar ta shagon aski. Hannayensa sun lanƙwaso baya har gaban mai tuƙi, wurin ɗora ƙafa kuwa can gaba yake, ta yadda mutum zai zauna ya miƙe ƙafafu tamkar yana shan iska a ƙofar gida. Salansa, wato bututun hayaƙi, biyu ne masu ƙyalli, na leƙa na ga fuskata a jikinsu ta yi tsawo. Da Direba ya tayar da shi ban ji ihun da na saba ji daga babura ba. Wani gurnani ne mai kauri, a hankali, dum, dum, dum, ya bi ta ƙasa ya hawo ta tafin ƙafata. Kofunan shayi da ke kan tire suka fara taɓa juna.

Maƙwabta suka fito ana ta sa albarka. Ni kuwa idona na wuri ɗaya. A bayan babbar kujerar akwai wata ƙarama, da 'yar majingina mai laushi. Direba ya bi babur ɗin kaf ya yage ledar da aka naɗe shi da ita, amma ya bar ta kan wannan kujerar.

"Wannan fa?" na tambaye shi.

"Haka suke zuwa da ita."

"Ta waye?"

"Ta kaya," ya ce yana goge madubi da gefen rigarsa. "Ko in wani ya nemi a rage masa hanya."

Na koma kan shinkafata. Ba zan ɓoye ba, so na yi ya ce tawa ce. Tun da muka yi aure ban taɓa ce masa kai ni nan ko kai ni can ba. Na sha shiga bas ɗinsa in za ni asibiti ko kasuwa, ya gaishe ni ta madubi da ɗaga gira, yadda yake gaida duk fasinjan da ya saba gani, in sauka a tashata, shi ya wuce. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba. So nake mu tafi wani wuri tare, ba don wani ya rasu ko wata ta haihu ba.

Zama da babur ɗin ma sai da na koya. Direba ya ce ba zai kwana a waje ba, don haka aka ba shi lungun da ke tsakanin ƙofar shigowa da kicin. In na ɗauko tire sai in bi ta gefe ina shafar bango. Gidan ya ɗauki ƙamshin sabuwar roba da man inji, har labule bai tsira ba. Wata rana na rataya tawul a madubinsa kafin in ɗauko wani abu. Direba ya zo ya cire tawul ɗin da yatsu biyu, ya ninke, ya ajiye min a kan matashina. In shi da babur ɗin sun dawo daga yawo injin yakan daɗe yana hucewa, yana ɗan ƙas-ƙas shi kaɗai a lungu, ni ina yanka albasa ina sauraro, ina tunanin inda suka je. In Direba ya shiga wanka kuma nakan tsaya in ɗora tafin hannuna a kan ledar nan.

Fuskar dai ta washe, amma na koma kallon baya. Bambancin kawai, yanzu bayan ya fi saurin shan kwana.

Ba a jima ba ya fara dawowa da datti a gefe ɗaya na wandonsa, kullum gefen hagu. In na tambaya sai ya ce hanya ce. Mai gyaran takalma ne ya warware min, ranar da na kai masa silifas ɗina.

"Mama, ki ja wa Direba kunne," ya ce yana zare ƙusa daga bakinsa. "Jiya ma mu muka ɗaga shi a danjar can."

"Gudu yake yi?"

"Ina fa gudu. Ai a tsaye yake faɗuwa."

Ya kwatanta min. Direba zai taho a hankali, ya taka birki sannu-sannu, ya tsaya cak ba ko girgiza, irin tsayawar da ya yi suna da ita, wadda ko tsohuwa na tsaye a cikin bas ba za ta dafa ƙarfe ba. Sai ya duba madubi, ya ga ko fasinja sun gama sauka. Ƙafafunsa biyu suna nan a sama inda ya ɗora su, don wanda ya shekara talatin a cikin bas bai taɓa sauke ƙafa ƙasa don ya tsaya ba. Babur ɗin zai ɗan yi jim, kamar yana ba shi dama, sannan ya kwanta da shi a hankali.

Na yi dariya har na riƙe ciki, a gaban mutumin. A hanyar gida dariyar ta tsaya, don na tuna nishin ƙartin nan.

Faɗuwar da ta tona asiri ita ce wadda madubi ya fashe, wuyan hannunsa ya kumbura. Babban ɗanmu ya zo. Likita muke ce masa, ko da yake aikinsa ɗaura filasta ne a ɓangaren ƙashi, kuma duk wanda babur ya kayar a garin nan ta hannunsa yake bi. Auta ma ta zo da jaririnta a kafaɗa. Likita na naɗe hannun uban yana magana ƙasa-ƙasa, da muryar da yake yi wa marasa lafiya masu taurin kai.

"Baba, abin nan ya fi ka nauyi nesa ba kusa ba. Yau hannu ne. Gobe in ƙafar ya danne, ni za a kawo wa kai. Akwai wanda zai saya, tunda sabo ne."

Direba ya sunkuyar da kai, na ga fuskar nan ta farkon ritaya tana dawowa.

"In akwai mai tuna masa fa?" na ce.

Duk suka juyo.

"Ai ya iya tuƙin, mantuwa ce kawai ke damunsa. In akwai wani a baya da zai ce masa sauke ƙafa, shi ke nan."

"Wa zai riƙa binsa duk inda za shi, Umma?" in ji Likita.

"Wadda ba ta da aiki sai tsintar shinkafa."

"Maimakon filasta ɗaya in ɗaura biyu ke nan."

Aka yi ta ja har shayi ya huce. A ƙarshe Likita ya sakko, amma ya ce kowa sai da hular kwano. Direba ya dube ni, shi a ganinsa nauyi ya ɗora min, don haka ya nemi ya lallashe ni.

"Na ɗan lokaci ne," ya ce. "Da zarar ƙafar ta saba sai ki huta."

"Ya ma yi daidai," in ji Auta tana jijjiga yaro. "Hutuna na haihuwa ya kusa ƙarewa. Baba na sabawa sai in fara kawo miki wannan da safe."

Ina son jikana, Allah ya sani. Amma a lokacin abin da na ji shi ne aron kujerar aka ba ni, kuma ƙafar Direba ce za ta faɗi ranar karɓa.

Da hannun ya warke, shi da kansa ya yage ledar. Na sa wando a ƙarƙashin doguwar rigata, na ɗora hular kwano a kan ɗankwali, na hau da kyar ina dafa kafaɗarsa. Matan layinmu suka leƙo, wata ta ce in riƙe shi da kyau kada wata ta ɗauke, na ce wa zai ɗauki abin da ke faɗuwa a tsaye. Mai gyaran takalma ya miƙe da guduma a hannu yana kallonmu. Karo na farko ke nan da ni da bayan nan muka sha kwanar tare.

A danjar farko ya yi tsayawarsa mai laushi. Na ji babur ya fara jim ɗin nan. Na buga masa haƙarƙari da tafin hannu, yadda kwandasta ke buga jikin mota.

"Ƙafa, Direba."

Ƙafar ta sauka.

"To, Kwandasta," ya ce. Sunana ke nan daga ranar.

Ban daɗe ba na gane inda yake zuwa duk safiya. Hanyar bas ɗinsa yake bi, tasha bayan tasha, tun daga gidan mai har ƙarshen layi. A kowace tasha sai ya rage gudu ya ratse gefe, masu jira su ɗago kai su ga tsofaffi biyu a kan ƙaton babur, ni in ce ƙafa, ya sauke, ya duba madubi, mu wuce. Makanikin da ya haɗa babur ɗin ya ce masa sabon inji ba ya son a matsa masa sai ya saba da hanya. Wannan kuwa ya yi wa Direba daidai, don shi da gudu dama ba su taɓa shiri ba.

Ban san yadda zan kwatanta wa wadda ba ta taɓa hawa ba. Ta tagar bas kallon gari ake yi, a kan babur kuwa ta cikinsa ake bi. Ƙamshin gidan burodi zai zo ya rufe ki, kafin ki gama shaƙa ya miƙa ki ga na masu yankan katako. A ƙarƙashin bishiyoyin da ke gefen ma'aikatar ruwa akwai wani sanyi da ke tsaye wuri ɗaya, kullum yana nan yana jiranmu, mu shige shi mu fita. A kan gada iska takan cika min hannun riga. Gurnanin injin yana hawowa ta kujera ya zauna a ƙirji, sai tunani ya saki, abubuwa su riƙa zuwa da kansu ba a kira su ba. Na ga mahaifiyata tana shanya a wani bene da ba ta taɓa hawa ba. Na ga kaina ina yarinya a bakin wata tasha, da kwalbar aike a hannu, ina bin matar da ke bayan babur da kallo. Har hannu na ɗaga wa yarinyar.

Ga kuma bayan nan, yanzu a gaban hancina. Ashe akwai abin da taga ba ta nuna min ba. Furfurar ƙeyarsa duk gefe guda ta kwanta. In zai sha kwana kafaɗarsa ce ke fara sani. In hanya ta miƙe yana 'yar waƙa a maƙoshi, ba da kunne nake ji ba, ta ƙirjina take shigowa. Duk zaman nan ban san mijina na waƙa ba.

Wata rana ruwa ya kama mu a hanya muka fake a ƙarƙashin gada. Tururi na tashi daga salansa, ruwa na zuba ta gefe biyu, muna tsakiya mun miƙa hannu wajen injin muna jin ɗumi. Ba wanda ya duba agogo. Da muka dawo gida ya miƙo min tsumma ya ce in goge gefena. Daga ranar ni ke goge kujerar baya da madubin dama, shi ya yi sauran.

Ƙarshen layi wani fili ne da bas ke juyawa, da rumfar mai shayi da bishiya guda. Kwalta dai ta ci gaba, ta haura wani ɗan tudu ta ɓace. Kullum a filin nan Direba ke juyawa.

"Me ke bayan tudun can?" na tambaye shi muna shan shayi.

Ya daɗe yana kallon wurin. "Ban sani ba."

"Duk zuwan da ka yi nan?"

"Nan aka ce in juya."

Washegari da muka iso ya fara karkata kan babur, na riƙe rigarsa. "Miƙe, Direba. Akwai fasinjar da ba ta sauka ba."

Na ji dariyarsa a bayansa, muka haura tudun. Babu wani abin mamaki a can, gonaki ne da turakun lantarki da wani tafki da fararen tsuntsaye ke tsayawa a ciki. Amma tun daga ranar kullum sai mun ƙara ɗan nisa a kan na jiya.

Abu ɗaya ke rage min jin daɗi, ƙafar nan. Na koma sa mata ido kamar madara a kan wuta. In mun doshi wurin tsayawa sai in leƙa ta gefensa in ga ko za ta motsa da kanta. Har na fara faɗar kalmar tun kafin babur ya gama tsayawa, don kada in ba ta damar nuna ta iya. Auta kan kira ni a waya, Direba na lungu yana goge tanki.

"Umma, Baba ya saba kuwa?"

"Ina fa. Jiya ma saura ƙiris."

"Ni fa ranar komawata sai matsowa take. Ko dai in nemi mai reno?"

"Bari dai mu gani," nakan ce.

In na ajiye wayar sai tsoro ya kama ni. Na san mijina. Mutum ne da in aka ce nan ne ƙarshen layi, nan yake juyawa. Ranar da ya lura ƙafar ta koya, da zuciya ɗaya zai ce min, to kin huta, ya ɗauka alheri ya yi min.

Wata rana da hantsi muka yi nisan da ba mu taɓa yi ba. Ba danja, ba tasha, hanya ta miƙe ɗoɗar, rana na dukan bayana da ɗumi mai daɗi. Na ɗora kaina a tsakanin kafaɗunsa. Inuwarmu na gudu a kan ciyawar gefen hanya, abu guda mai kai biyu. Ina kallonta, injin na bugawa, sai na ga kamar ba mu ke tafiya ba, gonakin ne ke zuwa suna wuce mu. Tafkin ya tashi ya koma sama da tsuntsayensa a tsaye a ciki. Turakun lantarki suka riƙa matsowa ɗaya-ɗaya suna gaishe mu suna komawa. Ban san lokacin da idona ya rufe ba.

Ƙarar ƙarfe ce ta tashe ni. Muna tsaye. An sauke sandar da ke tare hanya, jirgin ƙasa na kaya yana wucewa a gabanmu, tarago bayan tarago, kuma daga ganin yadda kansa ya yi nisa mun jima a wurin. Babur na tsaye kyam. Na leƙa ƙasa.

Ƙafarsa na kan kwalta, a shimfiɗe, hankali kwance. Har ɗan buga kan takalmin yake yana bin ƙarar taragon. Duk wanda ya gani ya san ba yau ta koya ba, ta daɗe da sanin aikinta.

Na ce shi ke nan, an zo karɓar kujera. Na so in mayar da idona in rufe, in yi kamar ban gani ba, amma da na ɗago sai muka haɗa ido a madubi. Ya ga na farka, ya kuma ga inda na kalla.

Ya mayar da idonsa kan jirgin. Sannan a hankali, ina kallo, ya ɗaga ƙafar daga ƙasa ya mayar da ita can gaba inda ake ɗora ta. Babur ya yi jim. Ya fara karkata hagu, da ni da shi da duk nauyinsa.

Na buga masa haƙarƙari.

"Ƙafa, Direba."

Ƙafar ta sauka, babur ya miƙe.

"Kin gani ko," ya ce, bai juyo ba. "Da ba kya nan da tuni muna ƙasa. Ki ce wa Auta ta nemi mai renon nan. Wannan ƙafar ba na jin za ta koya."

Na kai hannu in share hawaye, gilashin hular ya tare ni, sai na bar su. Na zagaye shi da hannuwana na riƙe gam, muna jiran tarago na ƙarshe ya wuce.